Daga Murhu Zuwa Gona: Ina Karan Hatsinmu Yake Tafiya?



Duk wanda ya bi hanyar Hawandawaki bayan girbi, ko ya ratsa ƙauyukan Tasawa da Mayahi, abu guda zai gani. Amalanke tana fitowa daga gona maƙil da kara. Mata da yara suna biye da damuna a ka. Kafin sanyi ya wuce, gonaki da yawa sun zama fili fetal, ba kara, ba ganye. In bazara ta zo iska ta taso, sai ta kwashe ƙasar sama ta yi gaba da ita.

Ba wanda zai ga laifin mai kwashe kara. Da kara ake darni, da shi ake rumfa, shi dabbobi suke ci da rani, kuma da shi ake hura wuta. Uwar gida yau da dare take bukatar wuta, ba baɗi ba. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: abin da ya fita daga gona, me ya koma a madadinsa?

Lissafin shiga da fita

Akwai wasu ma'aikata da ake kira injiniyoyin sinadarai. Su ne suke tsara matatar mai, da masana'antar takin zamani, da ta sabulu. Darasin farko da ake koya musu shi ne, abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. In kilo 100 ya shiga tukunya, dole kilo 100 ya fita. Wani ta baki, wani ta tururi, wani kuma ya zauna a gindi. In lissafi bai cika ba, to akwai inda yake yoyo.

A ƴan shekarun nan sun ƙara wani darasi. Ƙasashen duniya suna ƙoƙarin rage ƙona man fetur da kwal, domin hayaƙinsu yana ƙara zafin duniya, yana rikita damina. Ana so a koma ga hasken rana da ƙarfin iska da makamantansu. Wannan shi ake kira sauyin makamashi. A cikin wannan aiki ne injiniyoyin suka gane cewa duban tukunya ɗaya bai isa ba. Kana gyara nan, can yana ɓaci. Dole a bi abu tun daga inda ya fito har inda ya ƙare, a ga wa ya amfana, wa ya cutu. Masana suna da dogon suna ga wannan dabara. Mu sai mu kira ta duban abu gaba ɗaya.

Bari mu gwada ta a gidajenmu. Mu bi kara daga gona har zuwa murhu.

Abin da wuta take ci

Hatsi yana cin abinci iri uku daga ƙasa fiye da sauran. Masana suna kiran su azot, da fosfor, da potas. Su ne lambobin nan uku da kuke gani a jikin buhun taki, 15-15-15. Wani kashi na abincin nan yana shiga zangarniya. Wani kashi kuma yana zama a cikin kara da ganye.

In aka bar kara kwance a gona, yana tare iska, yana riƙe yashi, yana rage zafin ƙasa. Gara tana cinye shi a hankali, ta shigar da shi ƙasa, ta bar ƙananan ramuka da ruwan sama zai bi. Abincin ya koma inda ya fito.

In aka ƙona shi kuwa, kusan duk azot ɗin yana bin hayaƙi ya tafi sama. Potas da fosfor su ne suke zama a cikin toka. Mata sun san wannan tun kaka da kakanni, ko da ba su san sunan ba. Ruwan tokar da suke tacewa su sa a miya, ƙarfinsa daga potas ɗin nan yake. Saboda haka tokar murhu ba shara ba ce. Wadda ta rage a tara ta, a kai ta gona tare da shara da takin turke.

Ƙona kandilo ya fi ƙona kara asara. Saniya ta ci ciyawa da harawa, cikinta ya riga ya yi rabin aikin. Taki ne ya kammala, saura a kai shi gona. Gidan da ya sa shi a murhu, tuwon baɗi ya ƙona don ya dafa na yau. Ba don son rai ake yi ba, rashin itace ne. Da can, makiyaya kan sauka a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci kara su zuba taki, manomi ya ba su hatsi. Inda aka kwashe kara ƙaf, wannan tsohuwar ma'amala ta yi rauni, domin shanu ba su da abin tsayawa ci.

Ga kuma wani yoyon. Murhun duwatsu uku yana zubar da zafi ta kowane gefe. Cikin kashi 100 na zafin itacen, kashi 10 zuwa 15 ne kawai yake shiga tukunya. Sauran iska ce take sha. Tun shekarun 1980 aka shigo da murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, da na laka mai suna Albarka, don toshe wannan yoyo. Na laka ba ya bukatar kuɗi, sai yumɓu da ɗan ƙoƙari, da gyara in ya tsage. Gawayi kuma, kada tsabtarsa ta ruɗe mu. Kafin a sami kilo 1 na gawayi, sai an ƙona kilo 5 na itace ko fiye.

Hayaƙi da huhun yara

Mun ce abu ba ya ɓacewa. To, hayaƙin nan ina ya tafi? Wani ya tashi sama. Wani ya shiga ƙirjin mai girki da na yaron da take goye da shi.

A Nijar, fiye da gida 9 cikin 10 da itace ko kara ko gawayi ake girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya. Cikinsu akwai yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Hayaƙi yana ɗauke da ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. Tana shiga can cikin huhu. Ita take buɗe ƙofa ga ciwon haƙarƙari a wajen yara, da tari mai daɗewa da ciwon ido a wajen mata.

A yawon da nake yi na duba azuzuwan yaƙi da jahilci, na sha ganin mace ta zo aji idanunta jawur, tana matsar hawaye a gaban allo. In aka tambaye ta, sai ta ce ido ne ya fara tsufa. Sau da yawa ba tsufa ba ne, daga madafa ta fito.

A yi girki a fili, ko a madafa mai taga. A yi amfani da busasshen itace, domin ɗanye ya fi hayaƙi. A sauke goyo, a ba wani ya riƙe shi nesa da murhu. Kada a hura wuta da leda ko tsohuwar roba, hayaƙinsu guba ne. Lokacin sanyi kuma, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Yana fitar da wata iska marar launi, marar wari, wadda take kashe mutum cikin barci. Yaron da yake tari, numfashinsa yana sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, a kai shi likita a ranar. Kada a jira gobe.

Me ya haɗa buhun taki da iskar gas?

Wani zai ce, in azot ya tafi, ai sai a sayi takin zamani. Gaskiya ne. Amma daga ina takin yake fitowa?

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 azot ne, sai dai hatsi ba ya iya cinsa a haka. A shekarar 1909 wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano yadda za a kamo shi daga iska. Wani injiniya, Carl Bosch, ya mai da dabarar babbar masana'anta a 1913. Aikin yana bukatar zafi mai tsanani da matsi mai ƙarfi, kuma a yau yawanci da iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ake yin sa. Takin yuriya, farin nan mai kama da sukari, ta haka ake samun sa. Cikin kilo 100 nasa, kilo 46 azot ne. Babbar masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 ma da gas take aiki.

Ke nan kuɗin taki yana ɗaure da kuɗin gas. A shekarar 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, gas ya yi tsada, taki ya bi shi. Manomin Hawandawaki bai san inda Yukren take ba, amma ya ji a aljihunsa. Ku duba wannan al'amari. Muna ƙona azot kyauta a murhu, sa'an nan mu sayar da akuya mu sayo wanda aka kamo daga iska a wata ƙasa.

Wanda ya sami taki kaɗan, kada ya watsa shi. Masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, sun nuna amfanin sa ɗan kaɗan a kowane rami: giram 6 na 15-15-15, wato kimanin cikin marfin kwalbar lemo. Ga lissafi. In tsakanin rami da rami mita 1 ne, hekta tana da rami 10,000. Giram 6 sau 10,000 ya ba da kilo 60, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Amma takin zamani ya fi aiki a ƙasar da take da takin gargajiya. A tsurar yashi, ruwa yana wanke shi ya wuce da shi ƙasa.

Itacen da yake aiki biyu

A nan jiharmu ta Maraɗi tana da abin nuna wa duniya. A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aiki a Maraɗi, dashen itatuwansa yana ta mutuwa. Sai ya lura cewa ƴan tsiron da ake sarewa a gona kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka sassabe sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama itace. Manoma suka karɓi abin, suka gyara shi da saninsu, suka kira shi sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye yana cikin waɗanda suka yi suna da shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Dalilin kawo wannan shi ne, ya taɓa kowane gefe na lissafinmu. Rassan sabara da kalgo da aka sassabe sun zama itacen girki. In akwai itacen girki, kara zai iya kwana a gona, kandilo ya koma taki. Mace kuma ta huta da doguwar tafiya neman kirare.

Gawo kuwa ya fi su duka. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka inuwarsa ba ta danne hatsi. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa, su bar taki. A saiwarsa akwai ƙananan halittu da suke kamo azot daga iska, kamar yadda ake samu a saiwar wake da gyaɗa. Aikin da masana'anta take yi da wuta da gas, gawo yana yin sa shiru ba ko tamma. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo a ƙasarsa, da horo mai tsanani. Duk manomin da ya kwatanta hatsin gindin gawo da na fili ya san dalili.

Wuta daga kashin shanu, taki kuma bai tafi ba

Akwai wata dabara da take ba da wuta ba tare da an ƙona takin ba. Ana gina rami da bulo da siminti, a rufe shi ruf yadda iska ba ta shiga. Kowace safiya a dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, awo ɗaya da awo ɗaya, a zuba. A ciki, ƙananan halittu irin na tumbin saniya suna ci gaba da narkar da shi. Suna fitar da gas wanda fiye da rabinsa metan ne, iskar da take kama wuta. Bututu ya kai shi madafa. Wutarsa shuɗiya ce, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Zafin ƙasarmu ma yana taimakon aikin, domin halittun suna son ɗumi.

Abin da ya fi muhimmanci ga manomi shi ne abin da yake fita ta ɗaya bakin. Kunun taki ne, kuma azot ɗinsa yana nan bai tafi ba. A gauraya shi da shara da kara a rami ya ƙara ruɓewa, sa'an nan a kai gona. A Sin da Indiya gidaje miliyoyi suna da irin wannan rami. Makwabciyarmu Burkina Faso ta gina fiye da 10,000.

To, sai a yi lissafi kafin a sayi siminti. Kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas kimanin lita 40. Kilo 25 ya ba da lita 1,000, wanda zai yi girkin awa biyu zuwa uku a murhu ɗaya. Ke nan kowace rana ana bukatar kilo 25 na kashi da lita 25 na ruwa, wato jarka guda. Ba ranar hutu. Gidan da yake da shanu uku ko huɗu a turke, ga rijiya kusa, zai ci moriyarsa. Gidan da shanunsa suke tafiya arewa da damina, ko wanda yake sayen ruwa da rani, raminsa zai mutu. Akwai kuma tambayar da maza ba su cika yi ba: wa zai ɗebo ruwan? In aka sauke wa mace damin itace aka ɗora mata jarka, ba a rage mata komai ba. A ganina wannan dabara ta fi dacewa da masu turkar shanu, da ƙungiyoyin da za su iya haɗa hannu, ba kowane gida ba.

Gas ɗin yana da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. In an ji shi a madafa, a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana. Kada kowa ya shiga cikin ramin, ko da ya ga kamar ba komai a ciki.

Tukunyar gas da faifan rana

Tun watan Nuwamba na 2011 Nijar take da matatar mai ta SORAZ, arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem. Ana dafa man, kowane kashi ya rabu gwargwadon nauyinsa. Mafi sauƙinsu shi ne gas ɗin da ake ɗurawa a tukunya. Girki da shi ya fi itace lafiya nesa ba kusa ba. Sai dai yana son tsabar kuɗi a dunƙule, da wurin ɗuri kusa. Amma ko ɗan ƙauye bai saya ba, yana da riba in mutanen Maraɗi da Tasawa suka koma gas, domin motocin itace za su rage zuwa dajinsa.

Faifan hasken rana ya shigo ƙauyuka sosai. Yana cajin waya, yana kunna fitila, yana jawo ruwa. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa farkon 2024, mutanen birni ma sun san darajarsa. A shekarar 2023 ɗin ne kuma tashar hasken rana ta Goru Banda, kusa da Yamai, ta fara aiki. Amma shi ma a bi shi har ƙarshe. Injin ban ruwa mai shan mai, tsadar mai take sa a kashe shi. Mai aiki da rana ba ya cin ko dala, saboda haka sai a bar shi yana ta zuba. In masu lambu a kwari irin na Gulbin Kaba suka yi yawa, kowa ya bar nasa a kunne, ruwan ƙasa zai iya yin nisa, rijiyar makwabci ta ƙafe.

Sai batir. Yawancin manyan batiran da ake haɗawa da faifai a ƙauye suna ɗauke da dalma da ruwan asid. Bayan ƴan shekaru sai su mutu. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. A jihar Zamfara, a 2010, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Kada a fasa mataccen batir a gida. Kada a narka dalmarsa a tukunyar girki. Kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko turke. A ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, har a mayar wa mai sayarwa ko masu sayen tsofaffi.

Aikin aji na wannan wata

Muna roƙon malaman azuzuwa su yi wannan da ɗalibansu. Kowa ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya ja layi a tsakiya. A dama ya rubuta "Abin da ya fita daga gonata". A hagu ya rubuta "Abin da ya koma". A dama a sa damin hatsi nawa, amalanken kara nawa, harawa nawa. A hagu a sa amalanken taki nawa, toka kwano nawa, takin zamani tiya nawa, kwana nawa shanu suka yi a gonar. A ƙasan shafi a rubuta yawan gawo, da kututture nawa aka bari bana.

Mata kuma su ƙirga damin itace ko na kara da gida yake ƙonawa daga Juma'a zuwa Juma'a. Wadda take da murhun laka ta kwatanta lambarta da ta mai duwatsu uku, in yawan bakunan gidajensu ya yi kusa. A kawo littattafan ranar da mai duba azuzuwa zai zo, a haɗa lissafin ƙauyen duka a kan allo.